Tsaba da Ƙaiƙayi: Mai Bi da Littattafan Gyaran Tunani



Maganarmu ta wannan wata a kan wasu littattafai ce da suka shiga gidajenmu ba sallama. Duk wanda ya leƙa rumfunan masu sayar da littattafai a Sakkwato, ko ya tsaya wurin masu shimfiɗa su a bakin tasha, ya san irinsu. Littattafai ne masu alkawarin koya wa mutum yadda zai mallaki tunaninsa, ya kori tsoro, ya sami farin jini, ya tara dukiya. Yanzu ma ba sai an je kasuwa ba, gama ana tura su daga waya zuwa waya. Ta haka suka iso hannun 'yan'uwanmu da aiki ko sana'a ta zaunar a Wurno da Rabah da Goronyo, har ƙauyuka irin su Boyekai: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, 'yan sanda, 'yan kasuwa, da matasa masu hidimar ƙasa. Iyaye da katikis sukan tambaye mu ko ya halatta mai bi ya karanta su.

Amsarmu ita ce ya halatta, amma a karanta su yadda mata suke yi wa hatsi bayan sussuka. Ba mai zuba gero a tukunya da ƙaiƙayinsa, ba kuma mai zubar da dami ɗungum don an ga ƙaiƙayi a ciki. Sheƙa ake yi, iska ta ɗauki nata, tsaba ta zauna a ƙwarya. Manzo Bulus ya gargaɗi Tasalonikawa su riƙa auna abu kafin su rungume shi (1 Tasalonikawa 5:21), wannan gargaɗi kuwa shi ne jagoranmu a nan.

Daga ina suka fito?

Ya kamata mu san asalin abin da muke karantawa. A shekarar 1859 wani mutumin Sikotilan mai suna Samuel Smiles ya wallafa littafi a kan taimakon kai da kai, inda ya tara labaran mutanen da suka tashi daga talauci ta wurin naci da aiki. Amma a Amurka ne irin wannan rubutu ya yi ƙarfi, musamman bayan karyewar tattalin arziki da ta fara a 1929, lokacin da miliyoyin mutane suka rasa aikin yi. A cikin wannan ƙunci ne Dale Carnegie ya fitar da littafinsa a kan samun abokai da iya zama da mutane a 1936, Napoleon Hill kuma ya fitar da nasa a kan tunani da arziki a 1937. A 1952 wani fasto na birnin New York, Norman Vincent Peale, ya rubuta The Power of Positive Thinking, watau ƙarfin kyakkyawan tunani. A 2006 kuma wata mata 'yar Ostareliya, Rhonda Byrne, ta fitar da The Secret, wanda ya bazu a duniya.

Abin lura shi ne, kasuwar waɗannan littattafai takan buɗe sa'ad da mutane suke cikin tsoro da rashin tabbas. Saboda haka ba mu yi mamaki ba da muka ga suna farin jini a wurinmu, inda matashi yakan gama karatu ya zauna shekaru ba aiki, manomi kuma yakan shuka bai san ko zai sami hanyar zuwa girbi ba. Wanda ya sayi irin wannan littafi ba wawa ba ne. Mai ƙishirwa ne, kuma haƙƙinsa ne a kanmu mu gaya masa wace rijiya ce mai ruwan sha.

Tsabar da ke ciki

Ikilisiya ba ta gaba da ilimin halayyar ɗan Adam. Babban Taron Vatikan na Biyu, a cikin takardarsa ta 1965 a kan Ikilisiya a duniyar yau, ya umarci masu kiwon garken Allah su yi amfani da binciken wannan ilimi domin taimakon masu bi su kai ga cikakkiyar bangaskiya. Gaskiya duk inda ta fito ta Allah ce.

Tsaba ta farko ita ce, abin da mutum yake faɗa wa kansa a zuci yana da tasiri a kan rayuwarsa. Wani likita Ba'amurke, Aaron Beck, ya lura tun shekarun 1960 cewa masu fama da ciwon damuwa suna da wasu tunani da ke faɗo musu ba shiri: ba ni da amfani, kowa ya ƙi ni, gobe ma haka za ta kasance. Ya koya musu su kama irin wannan tunani su yi masa tambaya kamar alƙali: ina shaidarka? Hanyar da ya kafa tana cikin waɗanda aka fi gwadawa a asibitoci har yau. Mu lura, bai ce mutum ya yaudari kansa da daɗin baki ba. Cewa ya yi a auna tunani da ma'aunin gaskiya.

Tsaba ta biyu ita ce horon kai: tashi da wuri, cika alkawari, tanadin kuɗi, sauraron mutum kafin a ba shi amsa, barin mugun hali kaɗan kaɗan. Iyayenmu sun riga sun faɗa cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune. Wani Bature masanin ƙasar Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya wallafa nazari a 1974 a kan wanda Hausawa suke kira mutumin kirki, ya lissafa halaye kamar su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi da mutunci. Mai karatu zai tarar cewa yawancin abin kirki da ke cikin littattafan nan kakarsa ta riga ta faɗa masa a bakin murhu. Bambancin shi ne, halayen mutumin kirki kusan dukansu suna duban yadda mutum yake zaune da jama'a, littattafan kuwa sau da yawa suna duban abin da mutum zai samu daga jama'a.

Tsaba ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, muna samunta a wurin Viktor Frankl, likita Bayahude daga birnin Viyana. An tsare shi a sansanonin 'yan Nazi daga 1942 zuwa 1945, ya rasa mahaifinsa da mahaifiyarsa da ɗan'uwansa da matarsa. A littafin da ya fitar a 1946 ya nuna cewa mutumin da yake da dalilin rayuwa, ko wani da yake ƙauna, ko aikin da ke jiransa, ya fi iya jure azaba, kuma ko an ƙwace wa mutum kome akwai sauran 'yancin zaɓen yadda zai fuskanci abin da ya same shi. Frankl bai taɓa cewa tunanin waɗanda aka kashe ne ya kai su sansanin ba. Ya kira mugunta da sunanta. Irin wannan littafi muna ba ku shawara ku nema ku karanta.

Ƙaiƙayin da ke shaƙe mutum

Yanzu sai mu zo ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. A cikin littattafan nan da yawa akwai wata koyarwa mai cewa tunanin mutum kamar mayen ƙarfe yake: abin da ka sa a ranka shi yake jawowa, alheri ko sharri. Ka yi tunanin kuɗi, kuɗi su zo. Ka yi tunanin ciwo, ciwo ya zo. A kunne maganar tana da daɗi, domin tana ɗora mutum a kan gadon sarautar duniya. Amma mu juya ta mu ga bayanta. In tunanina ne yake jawo mini arziki, ashe tunanina ne kuma ya jawo mini asara.

Mu kawo wannan koyarwa gida mu gwada ta. A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi ambaliya a kwarin Rima, daga wajen madatsar ruwa ta Goronyo, ya cinye gonaki da gidaje a ƙauyuka masu yawa. Manomin shinkafa da ya wayi gari ya ga guminsa na damina a ƙarƙashin ruwa, tunaninsa ne ya kira ruwan? A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka gudu zuwa Gandi. A watan Oktoba na 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, aka kashe mutane masu yawa da suka fito neman abincinsu. Wa zai tsaya gaban gwauruwar da aka bari da marayu ya ce mata mijinta bai iya tunani mai kyau ba? Koyarwar da ba za a iya faɗinta a gidan makoki ba, ba ta cancanci a ɗora rayuwa a kanta ba.

Wannan ƙaiƙayi tsoho ne, sabuwar riga kawai aka sa masa. Abokan Ayuba uku sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, a nan sun kyauta. Da suka buɗe baki sai suka nace lalle akwai laifin da ya yi, in ba haka ba masifa ba za ta same shi ba. A ƙarshen littafin da su Allah ya yi fushi, Ayuba ne ma ya yi musu addu'a. A sura ta 9 ta Bisharar Yohanna almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka nemi sanin ko zunubinsa ne ko na iyayensa. Ubangiji ya ƙi karɓar ko ɗaya daga cikin biyun, ya buɗe wa mutumin ido. A sura ta 13 ta Bisharar Luka ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, da Galilawan da Bilatus ya kashe, ya nuna sarai cewa ba su fi sauran mutane laifi ba. Wanda ya ce da mai shan wahala tunaninka ne ya jawo maka, ya koma layin abokan Ayuba, ko da yana riƙe da littafin da aka sayar da miliyoyinsa.

Akwai wata ɓarna kuma. In aka shawo kan talaka cewa talaucinsa daga kansa ne kaɗai, an wanke azzalumi ke nan. Ba sauran mai tambayar inda kuɗin asibiti da na makaranta suka tafi, ko abin da ya sa hanyar gona ta gagari manomi. Annabawa irin su Amos ba su aiki matalauta su gyara tunaninsu ba, masu danne su suka fuskanta.

Har masu bincike ma sun gano cewa daɗin baki ba ya warkar da kowa. A 2009 Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada suka sa mutane su riƙa nanata wa kansu cewa su abin ƙauna ne. Waɗanda dama suke ganin darajar kansu suka ɗan ji daɗi. Waɗanda suke raina kansu kuwa, watau ainihin masu bukatar taimakon, sai suka ƙara jin nauyi a zuciya, gama bakinsu yana faɗin abin da zuciyarsu ba ta yarda da shi ba.

Mutum ba ya ceton kansa

Tushen kuskuren shi ne zaton cewa mutum shi kaɗai ya ishi kansa. Ikilisiya ta taɓa fuskantar wannan tun da daɗewa. Wani malami mai suna Pelagiyus ya koyar cewa da ƙarfin niyyarsa mutum yana iya kai wa ga kammala. Waliyi Agustin, ɗan Afirka, Bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya tsaya masa, taron bishop-bishop a Kartaj kuma ya ƙi koyarwar a shekarar 418. Agustin ya san abin da yake faɗa, domin shi kansa ya yi shekaru yana ganin hanyar gaskiya amma ƙafarsa ta ƙi takawa, sai da alherin Allah ya ɗaga shi. Manzo Bulus ma, a sura ta 7 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya bayyana wannan yaƙi na mutumin da yake son nagarta amma yana tsintar kansa cikin abin da ya ƙi. Marigayi Paparoma Francis ya sake jan kunnenmu a 2018 cewa wannan tsohon kuskure ya dawo a zamaninmu.

Wannan ba izinin naɗe hannu ba ne. Bahaushe ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Manomin albasa a fadamar Wurno yakan yi kaftu, ya yi dashe, ya yi ban ruwa, ya yi cira, duk da haka ya san ba shi ya halicci iri ko ƙasa ko rana ba. Haka rayuwar mai bi take: namu ne ƙoƙari, girma kuwa daga Allah yake. Darajarmu kuma ba ta rataya a kan nasara ba. Ubangijinmu ya yi baƙin ciki mai tsanani a Getsamani, bai ɓoye wa almajiransa ba, har ya roƙi uku daga cikinsu su zauna a faɗake tare da shi. In Ɗan Allah bai ji kunyar neman abokan zama a daren wahalarsa ba, don me za mu koya wa 'ya'yanmu cewa hawaye alamar kasawa ce?

Ciwon da ya fi ƙarfin littafi

Akwai damuwar da shawara takan kwantar, akwai kuma wadda ta zama ciwo. In mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki kusan kullum, abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci ya ƙaurace masa ko ya yi masa yawa, abinci ya gagare shi, ya janye daga mutane. In wanda ya tsira daga hari yana firgita da ƙaramin motsi, yana ta ganin abin a mafarki. In kuma mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, to, lokacin miƙa masa littafi ya wuce. A kai shi wurin likita, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Kada a ce masa ba shi da bangaskiya, kada kuma a yi saurin cewa aljanu ne ko sammu.

Ku tuna da annabi Iliya a sura ta 19 ta littafin Sarakuna na fari. Bayan babbar nasararsa a Dutsen Karmel ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu, daga baya ya saurari kukansa, ya sanar da shi cewa akwai sauran masu aminci 7,000, ya kuma ba shi Elisha ya zama abokin aikinsa. Barci, abinci, kunne mai sauraro, da abokin tafiya: da waɗannan Allah ya yi jinyar annabinsa. Littafin Sirak kuma, a sura ta 38, ya koya mana mu girmama likita, mu haɗa addu'a da magani.

Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, kusa da Sakkwato, zuwa can kuwa ba abin kunya ba ne, kamar yadda zuwa asibiti da zazzaɓi ba abin kunya ba ne. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince cewa mai irin wannan ciwo yana da haƙƙi da mutunci. Tun a 1954 ma wani likita ɗan ƙasarmu, Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti karɓar magani. Ya gane cewa mutum ya fi saurin warkewa a cikin mutane. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bishara ta riga ta nuna mana wannan. A sura ta 2 ta Markus mutum huɗu suka ɗauko shanyayye a kan shimfiɗarsa, da suka rasa hanya saboda taro sai suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Mai bishara ya ce bangaskiyar da Yesu ya gani tasu ce. Shanyayyen ba shi da ƙafar zuwa, abokai yake da su. Wannan shi ne aikin Ikilisiya a kowane ƙauye da kowace unguwa.

Abin da muke roƙonku

Na farko, kowane littafi ya zo hannunku ku yi masa tambaya uku. Yana sa ni faɗin gaskiya game da kaina, ko yana lallashina ne kawai? Yana mai da maƙwabcina ɗan'uwa, ko tsani na hawa? Me zai ce wa wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa amma ya faɗi? Littafin da ba shi da amsar tambaya ta uku sai zargi, ku ɗebi abin da za ku iya ɗiba a cikinsa, ku ajiye sauran.

Na biyu, ku koma ga gadon da muke da shi. Waliyi Ignatiyus na Loyola, wanda Ikilisiya ta amince da littafinsa na horon ruhu a 1548, ya bar mana hanyar binciken zuciya ta kowace rana. Kafin barci mutum ya gode wa Allah saboda alherin yini, ya roƙi haske, ya bi yininsa daga safe zuwa dare yana duban tunaninsa da maganarsa da aikinsa, ya nemi gafara inda ya kauce, sa'an nan ya ƙudura abu guda da zai gyara gobe. Minti 15 sun isa. Wanda ya riƙe wannan, ya haɗa da sakramentin tuba, zai san kansa fiye da wanda ya haddace littattafai goma.

Na uku, kada matasa su yi karatun nan a ɓoye. Ku kawo littafin taron matasa, ku karanta babi guda tare, ku yi muhawara, ku gayyaci katikis ko wani dattijo ya zauna da ku. Zumuntar Mata da ƙungiyar maza su lura da kujerar da ta zama wofi a ranar Lahadi, su bi sawun mai ita har gida. Maƙwabtanmu Musulmi ma, waɗanda ambaliya da hari suka fi shafa a wannan yanki saboda su ne mafi yawa, suna da haƙƙin gaisuwa da ta'aziyya da taimako a kanmu. In kun je gidan mai baƙin ciki ba lalle ne ku tafi da dogon bayani ba. Ku tafi da abinci, ku zauna, ku saurara.

Ya 'yan'uwa, ku yi karatu, gama jahilci ba ibada ba ne. Ku gyara halinku, ku yi aiki da hannuwanku, ku sa zuciya ga alheri. Amma ranar da ƙarfinku ya ƙare, kada ku yarda wani ya ce muku ku ne kuka jawo wa kanku, kada kuma ku ɗauki kayan ku kaɗai. Muna da Mai Ceto wanda ya san nauyin gicciye, wanda shi ma a hanyar Kalfari aka sa Siman Bakurane ya taya shi ɗauka.

Allah Uba, wanda ya san abin da ke cikin zuciyar kowa, ya ta'azantar da masu makoki a Wurno da Rabah da Goronyo, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu gida lafiya, ya ba likitocinmu hikima, ya ba matasanmu aikin yi da zuciya mai rarrabe tsaba da ƙaiƙayi. Maryamu Budurwa, wadda ta tsaya a gindin gicciye, ta yi roƙo dominmu. Albarkar Allah Mai Iko Duka, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta sauko muku, ta zauna tare da ku har abada. Amin.